Jadawalin Gaskiya da Abin da Ake Zuba Masa: Nazari Daga Tudun Jos

Jadawalin gaskiya abu ne mai sauƙin bayani. Ana jera sharuɗɗa, kowanne amsarsa i ko a'a, sannan a gaban kowace haɗuwar amsoshi a rubuta abin da za a aikata. Sharuɗɗa biyu suna ba da haɗuwa huɗu, uku su ba da takwas, goma kuwa 1,024, domin duk sharaɗin da aka ƙara ninka adadin yake yi. Ɗalibin lissafi ko kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jos, ko na fannin lantarki a kwalejin fasaha ta jiha da ke Barikin Ladi, yana haɗuwa da shi tun farkon karatu, kuma cikin mako guda hannunsa ya faɗa. Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne, cike guraben jadawali ƙaramin aiki ne. Babban aikin yana gabansa, wajen fayyace me zai shiga, da wace siga, daga ina, da kuma me zai fita ya tafi wurin wa. A nan ne ake yin kuskuren da manhaja ba ta iya ganowa, kuma a nan ne sanin wuri yake da tasirin da ba a cika ba shi ba.

Tushen abin yana cikin aikin George Boole na shekarar 1854, inda ya mayar da hukuncin hankali lissafi. A 1921 Ludwig Wittgenstein da Emil Post, kowa ta hanyarsa, suka fito da jadawalin a sigar da aka san shi yau. A 1937 Claude Shannon ya nuna cewa makunnan lantarki suna bin wannan lissafi sau da ƙafa, daga nan jadawalin ya bar zauren falsafa ya shiga hannun injiniyoyi. A ƙarshen shekarun 1970 David Parnas da abokan aikinsa suka yi amfani da jadawali wajen rubuta ƙa'idojin manhajar jirgin yaƙin Amurka mai suna A-7E. Abin lura a aikin nasu shi ne, kafin su rubuta hukunci ko ɗaya sai da suka yi wa kowane bayani mai shiga da mai fita takarda tasa, da suna da ma'ana da iyaka.

Ɗaya daga cikin manhajojin da aka sani da wannan aiki a yau ita ce Simulink ta kamfanin MathWorks, tare da ɓangarenta mai suna Stateflow. Amfanin irin wannan manhaja shi ne a gina na'ura a cikin kwamfuta, a jarraba ta da yanayi iri-iri, kafin a sayi ko waya ɗaya. Jadawalin gaskiya a cikinta kashi biyu ne. Na sama yana ɗauke da sharuɗɗa a jere, kuma a kowane ginshiƙin hukunci ana sa T idan sharaɗin ya tabbata, F idan bai tabbata ba, ko ɗan layi idan ba a damu da shi ba. Na ƙasa yana ɗauke da ayyukan da za a zartar. Manhajar tana duba ginshiƙai daga hagu zuwa dama, wanda ya fara dacewa shi ake zartarwa, sauran a bar su. Duk sunan da aka ambata a cikin sharaɗi ko aiki kuwa dole a bayyana shi: mai shiga ne, mai fita ne, na cikin gida ne, ko adadi ne tsayayye; lamba ce mai ɗigo, cikakkiya ce, ko i da a'a ce kawai; guda ɗaya ce ko jeri; da wace ƙima take farawa; mene ne mafi ƙanƙantarta da mafi girmanta. Sabon jadawali yana zuwa da mashiga ɗaya mai suna u da mafita ɗaya mai suna y, kuma manhajar tana iya gadon siga da girma daga duk abin da aka jona mata. Wannan sauƙi ne, amma shi ne ke sa mai koyo ya wuce matakin bai tsaya ya yi tunani ba.

Mu ɗauki misalin da kowane mazaunin Jos ya sani. Gida ne a Rikkos ko Unguwar Rogo, ko makaranta a Bukuru, da rijiyar burtsatse da injin tura ruwa a cikinta, da tanki a sama. Ana son na'urar da za ta kunna injin ta kashe shi da kanta. Sharuɗɗa huɗu sun isa a fara: akwai wuta, tanki ya yi ƙasa, tanki ya cika, rijiya tana da ruwa. Haɗuwa 16 ke nan, kuma ɗalibi zai cike su kafin shayinsa ya huce.

To amma me ake nufi da "akwai wuta"? Idan aka ayyana shi a matsayin i ko a'a, an ɗauka cewa wuta iri biyu ce, wadda aka kawo da wadda aka ɗauke. Duk mai gyaran lantarki a Dilimi ya san akwai ta uku, kuma ita ce ta fi kawo masa aiki: wutar da ta zo ba ƙarfi, ƙwan fitila ya yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar. A ƙa'ida wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Idan ta faɗi ƙasa sosai injin yana jan wuta fiye da kima, ya yi zafi, koyil ya ƙone, sai a zaro shi daga rijiya a kai wa mai naɗi. Idan maigida ya ce ai da wuta lokacin da abin ya faru, amsar da yake samu ita ce, "Alhaji, wutar ce ta cinye shi." Saboda haka abin da ya kamata ya shiga jadawali shi ne adadin bolt ɗin kansa, sharaɗin kuma ya zama "wuta tana tsakanin kaza da kaza", a ce 190 da 250, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin injin. Iyakokin biyu su ma a ayyana su a matsayin adadin da ake iya sauyawa daga waje, kada a binne su cikin sharaɗi inda babu mai tunawa da su. Ga kuma wani ƙari da ya shafi Jos musamman. Tun 1929 kamfanin NESCO yake samar da wuta daga ruwan Kurra, asali domin ma'aikatun haƙar kuza, kuma har yau yana da layinsa a wasu sassa. Ga kamfanin rarraba wuta na Jos da ya karɓi aiki a 2013, mai kula da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai. Ga janareta, ga sola da inbata. Wurin da ke da tushen wuta biyu ko uku yana buƙatar wani bayanin shiga da zai faɗi daga ina wutar ta fito, domin injin da layin gwamnati zai ɗauka ba wahala yana iya zuƙe batirin sola cikin ɗan lokaci.

Da an yarda cewa lamba ce za ta shiga, sai batun sigarta ya taso, kuma a nan akwai tarkon da ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙananan na'urorin sarrafawa ba su da yalwar ma'aji, don haka akwai jarrabar a zaɓi mafi ƙanƙantar siga, wadda ake kira uint8, mai ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Ga alama ta isa, tunda 230 ake tsammani. Ranar da wuta ta yi tsalle ta kai 260, ɗayan abu biyu zai faru, gwargwadon yadda aka saita lissafin. Ko dai lambar ta tsaya cak a 255, ko ta zagayo ta koma 4. A hali na farko an rasa sanin girman haɗarin. A na biyu jadawali zai ga bolt huɗu ya yanke hukuncin cewa an ɗauke wuta, alhali wuta mai ƙona kaya ce a kan layi. Idan hukuncin "babu wuta" shi ne a tayar da janareta, ko a rubuta a rajista cewa an yi ɗaukewa, to an aikata ba daidai ba, kuma duk wanda ya bi guraben jadawalin ɗaya bayan ɗaya ba zai ga aibu ba, domin babu aibu a cikinsu.

Haka batun ma'auni yake. Zurfin ruwan tanki ana iya aiko shi da santimita, ko lita, ko kashi cikin ɗari. Lambar 80 tana nufin tanki ya kusa cika a ɗaya, tana nufin ya kusa ƙarewa a wani. Jadawali lamba kawai yake gani. Suna irin u ko x1 ba ya taimakon kowa. Sunan da ya ƙunshi abin da ma'auninsa, kamar zurfin_tanki_cm, yana hana kuskuren da zai ci kwanaki ana nema.

Yanzu mu koma kan haɗuwa 16 ɗin nan. Huɗu daga cikinsu suna cewa tanki ya cika kuma ya yi ƙasa a lokaci guda. Hankali ya ce hakan ba ya yiwuwa, kuma mai koyo yakan tsallake su. Manhajar tana da binciken da ke nuna gurbi biyu: inda aka bar wata haɗuwa babu hukunci, da inda aka rubuta ginshiƙin da ba za a taɓa isa gare shi ba saboda na gabansa sun riga sun rufe shi. Idan ta yi ƙorafin cewa an bar haɗuwa, hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara ginshiƙi na ƙarshe mai layi-layi daga sama har ƙasa, ya kwashe duk abin da ya rage. A ganina wannan ginshiƙi shi ne wuri mafi haɗari a jadawalin, domin yana rufe bakin manhaja ba tare da an amsa tambayarta ba. Haɗuwar da ruwa ba zai iya yi ba, makunni yana iya yin ta. Makunnin da ke yawo a kan ruwa yana maƙalewa, waya tana tsinkewa, tsawar damina ta Jos tana lalata na'urar awo. Idan bayanai biyu suka saɓa wa juna, labari ne suke bayarwa cewa wani abu ya lalace, kuma hukuncinsa a kashe inji a kunna fitilar gargaɗi. Ginshiƙin wannan hukunci kuma a hagu ya kamata ya zauna, tare da na rijiyar da ta ƙafe, tunda na hagu ake fara dubawa. Ƙasar Jos dutse ce, yawancin rijiyoyinta daga tsagogin dutse suke samun ruwa, kuma a ƙarshen rani suna ja da baya. Injin da ya yi ta juyi babu ruwa ƙonewa yake yi.

Daga nan ake gane cewa i da a'a ba su wadatar da bayanin da ya fito daga na'urar awo ba. Akwai hali na uku, wato "ban sani ba". Idan waya ta tsinke, sifili take aikowa, kuma idan sifili yana nufin "tanki bai cika ba", inji zai yi ta tura ruwa har ya malale a tsakar gida. Masu sana'ar sun daɗe da sanin maganin wannan: a jona makunni ta yadda tsinkewar waya za ta yi kama da umarnin tsayawa. Ke nan tambayar ko 1 ce ke nufin "ya cika" ko 0 ce ba ta son rai ba ce. A lambobi masu ɗigo kuma akwai wata ƙima ta musamman da ake kira NaN, mai nufin lissafi ya gagara, kuma duk tambayar "ta fi kaza?" ko "ta gaza kaza?" da aka yi mata amsarta a'a ce. Sharaɗin da aka rubuta "wuta ta wuce iyaka" zai ce a'a, a ci gaba da aiki. Wanda aka rubuta "wuta tana cikin iyaka" shi ma zai ce a'a, a tsaya. Ma'ana ɗaya ce a ranar lafiya, amma a ranar da na'urar awo ta mutu ɗaya yana kare inji, ɗaya yana sallama shi.

Bayanan fita ba su cika samun kulawa ba, alhali suna da nasu tambayoyin. Da wace ƙima umarnin inji yake farawa a daidai lokacin da wuta ta dawo, kafin a karanta komai? Idan ruwa yana tsakiya, bai cika ba bai kuma yi ƙasa ba, me za a yi? Amsar ita ce a ci gaba da abin da ake yi: in ana cikawa a ci gaba, in an tsaya a zauna a tsaye. Amma jadawalin gaskiya a asalinsa ba shi da tunin abin da ya wuce. Dole a ba shi, ko dai ta ajiye halin inji a bayanin cikin gida, ko ta mayar da abin da ya fita ya sake shiga bayan jinkirin taki ɗaya. Idan aka mayar da shi kai tsaye babu jinkiri, manhaja za ta yi ƙorafin cewa amsa tana jiran kanta. Lokaci ma bayanin shiga ne. Wutar da ta dawo takan yi rawa na 'yan daƙiƙu, wani lokaci a sake ɗauke ta nan take, don haka "daƙiƙa nawa wuta ta yi a tsaye" sharaɗi ne na biyar da babu shi a jerin farko. Mafita ɗaya kuma ba ta isa ba. Bayan umarnin kunnawa da kashewa ana buƙatar ta biyu mai faɗin dalili, domin wanda ya tarar da tanki babu ruwa ya san ko wuta ce, ko rijiya, ko makunni.

Misali na biyu ya fi nisa daga teburin injiniya, amma ya fi nuna girman al'amarin. Tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, shi ne cibiyar noman dankalin Turawa a Najeriya: Bokkos, Mangu, Barikin Ladi, Riyom, Pankshin. A Kuru akwai tashar binciken dankali ta cibiyar nazarin saiwoyi ta ƙasa. Babbar abokiyar gabar wannan noma ita ce cutar da ke ƙone ganye ta ruɓar da dankali, wadda masana ke kira Phytophthora infestans, ita ce kuma ta jefa ƙasar Ailan cikin yunwa daga 1845. Cutar tana son sanyi-sanyi da laima, kuma maganinta feshi ne a kan kari. Maganin yana da tsada, don haka tambayar manomi ita ce yaushe.

A Birtaniya an daɗe da mayar da wannan tambaya jadawali. Ƙa'idar Smith ta 1956 ta ce akwai haɗari idan aka yi kwana biyu a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, kuma a kowace rana laimar iska ta kai kashi 90 na aƙalla awa 11. Ƙa'idar Hutton da ta maye gurbinta a 2017 ta rage awannin zuwa shida. Sharuɗɗa ne masu tsabta, kuma wanda ya iya Simulink zai gina su cikin yini guda. Sai dai a duba abin da zai faru idan aka zuba musu yanayin Filato. A watannin Yuli da Agusta zafin dare a Jos ba ya kusantar digiri 10, yana sama da haka sosai, saboda haka sharaɗin farko kullum T ne, layinsa ba ya raba wata rana da wata. Laima kuwa a tsakiyar damina, da hazo da yayyafi da raɓa, tana cika awa shida a yawancin darare. Jadawalin zai ce "haɗari" kusan kowace rana. Da rani kuma, lokacin da ake noman ban-ruwa daga tafkunan da haƙar kuza ta bari, iskar hunturu a bushe take, jadawalin zai ce "lafiya" kusan kowace rana, ko da an jiƙa ganye da hannu. Abin da aka gina da kwamfuta ya koma kalanda mai cewa damina ta yi ko rani ya yi, wanda kowane manomi ya riga ya sani. Ƙa'idar ba ta da laifi a inda aka yi ta, domin a can digiri 10 iyaka ce da yanayi ke hawa yana sauka a kanta a lokacin noma.

Irin wannan kuskure ne ya hallaka rokar Ariane 5 a ranar 4 ga Yunin 1996, ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta. An ɗauko manhajar da ta yi aiki lafiya a Ariane 4, tare da zaton cewa wata lamba mai alaƙa da gudun gefe ba za ta wuce wani adadi ba. Sabuwar rokar ta fi gudu, lambar ta ƙi shiga ma'ajin da aka tanadar mata. An gaji iyakar bayanin shiga daga wata na'ura ba a sake tambaya ba.

Wane bayani ne zai raba rana da rana a gonar Bokkos? Cibiyar dankali ta duniya da ke Lima ta fuskanci makamanciyar matsala a tsaunukan Andes, inda sanyi da laima suke kusan kullum, sai ta yi wa manoma wani faifan hannu mai tambaya uku: irin da aka shuka yana da juriya ko ba shi da ita, kwana nawa aka yi ruwa, kwana nawa rabon da a yi feshi. Jadawalin hukunci ne a kan kwali, kuma duk abin da yake tambaya manomi yana iya amsawa da kansa. Darasin da ke ciki ga Filato a fili yake. Ruwan sama yana wanke maganin da ke zama a bayan ganye, irin su mankozeb, don haka yawan ruwan da ya sauka tun feshin ƙarshe ya fi zafin dare amfani. Nau'in iri, Nicola ne ko Marabel ko wani, bayani ne mai zaɓi da yawa, bai kamata a matse shi cikin i da a'a ba. Ko cutar ta ɓulla a gonar maƙwabci bayani ne da babu na'urar da ke auna shi, sai ido. Abin da zai fita ma sai an fayyace shi da kyau: kalmar "haɗari" ba ta gaya wa manomi komai, amma "yi feshi cikin kwana biyu" ko "jira" umarni ne da zai iya auna shi da kuɗin aljihunsa.

Sannan akwai tambayar inda aka auna. Tashar yanayi da ke filin jirgin sama na Heipang tana ba da lambobi na gaskiya, amma na Heipang ne. Ruwan damina a Filato yakan sauka a wannan ƙauye ya tsallake na gaba, kuma gonar da ke cikin kwari tana riƙe raɓa bayan ta kan tudu ta bushe. A cikin manhaja, bayanin da aka sa wa suna "laima" yana da siga da girma da iyaka, amma babu gurbin da ya tilasta a rubuta cewa daga nisan kilomitoci aka kawo shi, ko a tsayin mutum aka auna shi ba a cikin ganye ba. Wannan sai mai ginin ya rubuta da kansa a wurin bayani, ya kuma jarraba jadawalin da lambobin da aka karkatar da gangan, ya ga ko hukunci zai sauya.

Lasisin Simulink da dala ake saye, kuma ba kowane sashe na jami'a ne yake da shi ba. Akwai Scilab da Logisim da ake samu kyauta, kuma aikin da aka bayyana a nan yawancinsa ana iya yin sa a kan takarda mai layi: suna, ma'ana, ma'auni, siga, mafi ƙanƙanta, mafi girma, inda aka auna, sau nawa ake aunawa, da abin da za a gani idan na'urar awo ta mutu. Zan so malaman da ke duba ayyukan kammala karatu su riƙa neman wannan takarda kafin su kalli jadawalin, su kuma tambayi ɗalibi wa ya ba shi iyakokin da ya rubuta. Na injin ruwa suna wurin mai naɗin koyil da ya ga injuna da yawa da suka ƙone, na dankali kuma suna wurin manomi da malamin gona da masu bincike na Kuru.